Sai na ba ɗan aiken AI kalmomin sirrina kafin ya duba min kuɗin walat?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce kana karɓar USDT, kuɗin kirifto na kamfanin Tether da ke bin darajar dala, daga abokan ciniki, kuma ka gaji da buɗe walat uku kullum kana duba ko kuɗi sun shigo. Sai ka ci karo da wani kayan aiki da ake jona wa mataimakin AI, ka tambaye shi "nawa ne a walat ɗina?" ya ba ka amsa nan take. Amma wajen saita shi an bar wani gurbi ana neman kalmominka na sirri guda 12. Kana so ka san ko ka saka su, sannan ko lambar da zai riƙa ba ka abin dogaro ce.

Kada ka saka su. Ko wanda ya rubuta kayan aikin mutumin kirki ne, ko amininka ne ya turo maka, kada ka saka. Duba abin da ke cikin walat ba ya buƙatar kalmomin nan ko kaɗan. Duk kayan aikin da ya ce sai da su zai faɗa maka nawa gare ka, ɗayan biyu ne: ko dai an gina shi ne ya riƙa tura kuɗi ma, wanda ba shi ka je nema ba, ko kuma tarko ne aka ɗana. Na daɗe ina rubuta manhajojin da ke magana da bulokcen, wato kundin da ake rubuta kuɗin kirifto a ciki, ban taɓa ganin dalili na uku ba.

Abin da ya sa na faɗi haka babu kwana-kwana shi ne, kuɗinka ba sa cikin wayarka. Trust Wallet ko MetaMask ko TronLink ba jaka ba ce da aka zuba kuɗi a ciki, duk da sunan da ake kiran ta da shi. Kuɗin a rubuce suke a wani kundi da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, kuma kundin a buɗe yake ga kowa. Abin da ke cikin wayarka makulli ne kawai. Adireshinka, mai farawa da 0x mai haruffa 42 a Ethereum, ko mai farawa da T mai haruffa 34 a Tron, shi ne lambar shafinka a kundin, duk wanda ya san shi zai iya buɗewa ya karanta. Kalmomin nan 12 kuwa, ko 24 a wasu walat ɗin, an zaɓo su ne daga wani jeri mai kalmomi 2048, kuma daga gare su ake fitar da duk makullan da ke sa hannu a kan fitar kuɗi. Wanda ya riƙe su ya riƙe komai, a kowane netwok, kuma babu wani manajan banki da za ka je ka kai wa kuka. In kana so ka gani da idonka, buɗe Tronscan ko Etherscan yanzu, wato shafukan intanet da ke nuna kundin Tron da na Ethereum, ka manna adireshinka a wurin bincike. Za ka ga kuɗinka na wannan netwok gaba ɗaya, ba tare da an tambaye ka suna ko kalmar sirri ba. Kayan aikin AI ɗin nan ba wani abu yake yi ba face wannan.

Kashi na biyu na tambayarka ya fi buƙatar zama, don a nan ne mutane suke ruɗuwa ko da ba a sace musu ko sisi ba.

Shi mataimakin AI, ko Claude ne ko ChatGPT ko waninsu, ba ya ganin bulokcen. Rubutu yake karɓa, rubutu yake fitarwa. Idan an jona masa kayan aiki, ana ba shi takardar bayani ne: ga sunan aikin, ga abin da yake yi, ga abin da za ka cika masa. Hanyar da ta fi yaɗuwa yanzu ita ce wata ƙa'idar jona kayan aiki mai suna MCP, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024 ya bar ta a buɗe ga kowa. Idan ka ce "duba min walat", mataimakin yana rubuta ɗan saƙo mai ɗauke da adireshi da sunan netwok, ya miƙa wa wata ƙaramar manhaja. Ita ce take buga wa wata kwamfuta mai riƙe da kwafin kundin, galibi ta kamfanoni irin su Infura ko Alchemy ko QuickNode, ta karɓo amsa ta dawo masa da ita. Sai shi kuma ya mayar maka da ita cikin magana mai daɗin ji. Ɗan aike ne ke nan, wanda ya aiki wani ɗan aiken. Kowa ya san saƙon da ya bi ta baki uku.

Ga yadda amsar take zuwa tun daga tushe. A Ethereum, umarnin da ake turawa sunansa eth_getBalance. Idan kana da ETH, wato kuɗin Ethereum, ɗaya cif, abin da zai dawo shi ne 0xde0b6b3a7640000. Wannan lamba ce a tsarin ƙidaya na sha shida, in an juya ta zuwa ƙidayarmu sai ta zama 1 da sifili 18 a bayanta, domin kundin ba ya sanin ETH, ƙananan ɓarɓashinsa da ake kira wei yake ƙirgawa. Haka Bitcoin ɗaya satoshi miliyan 100 ne, SOL ɗaya lamport biliyan ɗaya ne, TRX ɗaya sun miliyan ɗaya ne. Dole wani ya yi lissafin juyawar. Idan manhajar ce ta yi, lafiya lau. Idan kuwa ta miƙa wa mataimakin ɗanyen lambar ta bar shi ya ƙirga sifili da kansa, to ka shiga uku, domin shi zai iya ƙara sifili ɗaya ko ya rage, ya kuma faɗa maka da cikakkiyar natsuwa kamar wanda ya tabbatar. Ko a manhajar ma akwai rami: a JavaScript, ɗaya daga cikin yarukan rubuta manhaja, lamba ta yau da kullum ba ta riƙe daidai in ta wuce 9,007,199,254,740,991, wanda a wei bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ETH ba. Mai rubutun da bai yi amfani da BigInt ba, wato nau'in lambar da ke riƙe manyan lambobi daidai, zai riƙa zubar da lambobin ƙarshe bai sani ba.

To kai USDT kake karɓa, kuma labarinsa daban ne. Umarnin da na ambata ba ya ganin USDT sam. Kuɗin asali na netwok kawai yake gani. USDT yana zaune ne a cikin wani kwantiragi, wato wata manhaja da ke kan bulokcen ɗin mai nata littafin, sai an je an tambaye ta da wani kira mai suna balanceOf. Shi ya sa kayan aiki mai rauni zai iya ce maka "walat ɗinka babu komai" alhali dala dubu biyar na kwance a ciki. Ba ƙarya ya yi ba, ƙofar da ya ƙwanƙwasa ce ba ita ba.

Sannan kowane kwantiragi yana da nasa yawan gurbin bayan ɗigo. USDT a Ethereum da Tron gurbi 6 gare shi. Wanda ke kan BNB Chain gurbi 18 gare shi. Wannan ɗan bambancin ya taɓa cin mini dare guda. Wani ɗan kasuwa da nake yi wa aiki ya kira ni bayan isha'i, muryarsa na rawa, ya ce allon da muka haɗa masa yana nuna tiriliyan 250 a walat ɗin da aka tura wa dala 250. Yaronsa har ya fara cewa a rufe shago. Da na buɗe, sai na tarar a manhajar da muka ɗauko an rubuta 6 a daskare, an ɗauka kowane USDT haka yake, kuma ni ban bincika wannan layin ba kafin in miƙa aikin. Mun yi sa'a kuskuren ya yi girman da ba mai yarda da shi. Da ta ɗaya gefen ya faɗo, dala 250 ta Tron ta fito a matsayin 0.00000000025, da sai ya ɗauka ba a biya shi ba, ya hana mutum kayansa, ya ɓata da abokin cinikin shekaru. Tun ranar ban sake yarda da kayan aikin da ba ya tambayar kwantiragin da kansa gurbi nawa gare shi ba.

Akwai kuma maganar netwok. Adireshinka na 0x guda ɗaya ne a Ethereum da BNB Chain da Polygon da Arbitrum da Base, amma kowanne da kundinsa. In ka ce wa mataimakin "duba wannan adireshi" ba ka faɗi inda ba, yawanci Ethereum zai nufa, ya dawo ya ce sifili, alhali mai turowa ta BNB Chain ya turo. Ka riƙa faɗin netwok a bakinka, kuma ka nemi amsar ta zo da sunan netwok ɗin da aka duba.

Yanzu ga wanda ya fi damuna game da irin sana'arka. Kowa zai iya ƙirƙirar token, wato kuɗin da ke zaune a cikin kwantiragi kamar USDT, ya raɗa masa suna USDT, ya sa masa tambari iri ɗaya, da kuɗi kaɗan. Abin da 'yan damfara ke tallatawa da sunan "flash USDT" mafi yawansa wannan ne: token na bogi da ke bayyana a walat kamar na gaske amma ba ya da darajar ko kwabo. Kayan aikin da ke jero duk token ɗin da ya gani a adireshi ya miƙa wa mataimaki, zai sa mataimakin ya ce maka "an turo maka USDT 3,000", kai kuma ka saki kaya. Suna ba shaida ba ne a bulokcen. Shaida ita ce adireshin kwantiragin. Na USDT na gaskiya a Tron yana farawa da TR7NHq, na Ethereum yana farawa da 0xdAC17F, amma kada ka tsaya ga farkon, ka ɗauko cikakkensu daga shafin Tether ka saka su a cikin saitin kayan aikin, ya zama su kaɗai yake ƙirgawa a matsayin USDT. Wannan aikin manhaja ne, ba abin da za a bar wa hankalin mataimaki ba.

Ko lambar ta fito daidai, kuma token ɗin na gaske ne, akwai abubuwan da ba ta faɗa. Ba ta faɗa ko kuɗin sun zauna. A Tron sabon bulok, wato sabon rukunin cinikin da ake ƙarawa a kundin, yana fitowa duk daƙiƙa 3, kuma cikin kimanin minti ɗaya ciniki yake tabbata. A Ethereum duk daƙiƙa 12 ne, amma tabbaci na ƙarshe yana ɗaukar kusan minti 13, shi ya sa ake iya tambayar kundin ta "latest" (bulok na baya-bayan nan) ko ta "finalized" (wanda ya tabbata), amsoshin biyu kuma suna iya bambanta. A Bitcoin al'ada ita ce a jira tabbaci 6, kusan awa guda, in kuɗin masu yawa ne. Ba ta faɗa ko an daskarar da adireshin: Tether yana da ikon toshe adireshi a cikin kwantiraginsa, lambar tana nan tana nunawa amma ba ta motsi. Ba ta faɗa ko kana da kuɗin gas, wato ladan da netwok ke karɓa a kan kowace turawa, domin USDT dubu a Tron babu TRX ko enaji, abin da ake biyan ladan da shi, ba ya fita. In kuma mataimakin ya juya maka zuwa naira, wannan farashin daga wani wuri dabam ya ɗauko shi, kuma kai ka fi ni sanin cewa farashin da ke allo da wanda ake saye a P2P, wato ciniki tsakanin mutum da mutum, ba su cika haɗuwa ba.

Bitcoin ma sai an yi masa magana ta daban, a taƙaice. Walat ɗin zamani yana buɗe sabon adireshi kusan duk karɓa, canjin da ya rage bayan ka tura ma wani adireshin yake komawa. Duba adireshi ɗaya ba zai ba ka jimla ba. Sai an ba kayan aikin abin da ake kira xpub, wanda ba ya iya fitar da kuɗi amma yana tona duk adireshinka, na jiya da na gobe. Ni ba na ba da shi ga saba, wato manhajar da ke amsa tambayar, in ba a kan kwamfutata take ba. Kuɗin da ke Binance ko Bybit kuwa ba sa kan adireshinka sam, suna littafin kamfanin ne, ba a duba su sai da makullin API, wato makullin da kamfanin ke ba manhaja don ta shiga asusunka. In za ka yi wannan, ka buɗe makulli na karatu kawai, ka kashe izinin ciniki da na cirewa, ka ɗaure shi da adireshin IP ɗinka, wato lambar na'urarka a intanet.

Na san abin da mai kayan aikin zai ce in ka tambaye shi dalilin neman kalmomin: "Ai an umarci mataimakin kada ya tura komai sai ka yarda." Wannan magana ba ta riƙe ruwa. A watan Nuwamba na 2024 an yi wata gasa da wani ɗan aiken AI mai suna Freysa. An ba shi asusu, an kafa masa doka ɗaya tak, kada ya saki kuɗin ko me aka ce masa, mutane suna biya suna gwada shawo kansa. Bayan ɗaruruwan gwaji wani ya rubuta saƙon da ya juya masa ma'anar umarnin, ya saki kusan dala 47,000. Can wasa ne, an shirya shi don haka. A walat ɗinka ba wasa ba ne, kuma mai son cutar ka ba sai ya yi magana da mataimakinka kai tsaye ba. Sunan token rubutu ne da mai ƙirƙirarsa ya zaɓa. Zai iya turo maka token kyauta wanda sunansa jimla ce mai umarni, ko mai adireshin wani shafi da ke cewa a zo a karɓi kyauta. Kayan aikin ya karanto sunan ya zuba wa mataimakin, shi kuma bai cika rarrabe bayanin da aka kawo masa da umarnin da aka ba shi ba. In idanu kaɗai gare shi, iyakar ɓarnar ita ce ya faɗa maka shirme. In ka ba shi hannu, zai iya sa hannu. Abin da ke tsare ka shi ne makullin ba ya wurin gaba ɗaya, ba alkawarin da aka rubuta masa ba.

Haka nan kada ka bar shi ya ɗauko maka adireshi daga tarihin cinikinka. Akwai damfarar da ake yi ta hanyar turo ɗan ƙaramin ciniki daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da na wanda ka saba tura wa, don ya shiga tarihinka. A watan Mayu na 2024 wani ya tura WBTC 1,155, wato token mai bin darajar Bitcoin, kimanin dala miliyan 68 a lokacin, zuwa irin wannan adireshi. Shi ya ci sa'a an mayar masa daga baya, yawancin mutane ba a mayar musu. Mataimakin AI ma yakan gajarta adireshi ya nuna haruffa huɗu na farko da huɗu na ƙarshe, daidai wurin da ɓarawon ya gyara.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma ba zan iya yin shiru a kansa ba: adireshi ba ya buɗe kuɗi, amma yana tona asiri. Duk lokacin da ka tambaya, adireshinka yana ratsa kamfanin da ke da mataimakin, da sabar kayan aikin in ta wani ce, da kamfanin da ke amsa tambayar kundin, kuma ana iya haɗa shi da imel ɗinka ko wurin da kake. Wanda ya san adireshin ya san nawa gare ka, ya san ranar da suka shigo, ya san inda suka tafi. A wurin da ake sace mutum don an ji ƙamshin kuɗi a jikinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Walat ɗin karɓar ciniki shi za ka jona. Na ajiya ka bar shi can inda babu wanda ya san shi, kuma kada ka nuna wa yaran shago allon da ke ɗauke da jimlarka.

In ni ne a matsayinka, zan nemi kayan aikin da rubutunsa yake a buɗe ana iya karantawa, wanda ke gudana a kan kwamfutata, wanda in na duba jerin ayyukansa ba zan ga tura ko musanya ko sa hannu ba, karatu kawai. Zan saka masa adireshina uku da hannuna sau ɗaya, in ba kowanne laƙabi, ya zama ina cewa "duba na shago" ba tare da mataimakin ya sake rubuta haruffa 34 da kansa ba, don yana iya sauya ɗaya. Zan nemi kowace amsa ta zo da netwok da adireshin kwantiragi da lambar bulok ɗin da aka duba. Wannan lambar bulok ɗin tana da wani amfani: ita ce ke nuna maka cewa da gaske an je an duba. Mataimaki yakan maimaita maka lambar da ya gani ɗazu a cikin hirar ba tare da ya sake aikawa ba, wani lokaci ma in sabar ta ƙi amsawa sai ya cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya. Yawancin manhajojin suna nuna alamar cewa an kira kayan aiki, ka saba da duba ta. Satin farko kuma duk amsar da ya ba ka ka gwada ta da Tronscan ko BscScan. Don sanin inda aka kwana da safe, abin yana da daɗi ƙwarai, ni ma ina amfani da irinsa. Amma ranar da za ka saki kaya na miliyoyi a kan "an turo", buɗe Tronscan da kanka, ka ga cinikin, ka ga kwantiragin, ka ga ya tabbata.

In kuwa ka riga ka manna kalmomin a gurbin nan kafin ka turo tambayar, ko da ka goge daga baya, ko da a cikin hira da mataimakin ne kawai ka rubuta su, ɗauka cewa walat ɗin ya tashi daga naka. Canza kalmar buɗe manhaja ba ya gyara komai. Ka buɗe sabon walat mai sababbin kalmomi yau ɗin nan, a wayar da ka amince da ita, ka rubuta su a takarda. Ka fara kwashe USDT da sauran token tun kuɗin gas na nan, daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, sannan ka kwashe TRX ko BNB ko ETH da suka rage a ƙarshe. Ka bi kowane netwok ɗaya bayan ɗaya, don kalmomin duka suke buɗewa. Bayan haka ka sanar da abokan cinikinka sabon adireshin, ka ce musu kada wanda ya sake tura ko sisi zuwa tsohon.